Yadda Ake Neman Rubutattun Wasannin Kwaikwayo Da Sharhinsu A Laburare

Duk shekara sai an sami ɗalibin da aka ba shi aiki a kan wasan kwaikwayo, ko malamin makaranta mai neman wasan da zai koya wa yara, ya zauna kan waya yana ta lalube a intanet, daga ƙarshe ya ce babu komai. Akwai. Sai dai wasan kwaikwayon Hausa a warwatse yake. Wanda aka buga a littafi shi ne kaso mafi ƙanƙanta. Sauran suna cikin ratayen kundayen digiri, wato ƙarin shafukan da ake liƙawa a ƙarshen kundi, da fayilolin gidajen rediyo, da tsofaffin jaridu, da akwatunan mutanen da suka yi wasan. Abin da zai haɗa maka su wuri ɗaya abu biyu ne: cikakken suna da kwanan wata. Idan ka riƙe waɗannan biyun, sauran aikin tafiya ce da haƙuri. Idan ba ka riƙe su ba, za ka yi ta buɗe jaridu har idonka ya yi ja ba ka ci karo da komai ba.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu mai tauri guda ɗaya, wanda ba za ka haɗa shi da wani aiki ba. Fensir biyu ko uku da abin fiƙe su, domin gidajen adana kayan tarihi galibi ba sa yarda a shiga da biro kusa da tsofaffin takardu. Katin shaida, na makaranta ko na ɗan ƙasa. Takardar gabatarwa daga shugaban sashenku ko shugaban makarantar da kake koyarwa, mai ɗauke da hatimi, wadda ta faɗi sunanka da abin da kake bincike a kai. Ka yi mata fotokwafi da yawa, domin duk inda ka je za su so su riƙe ɗaya. Ƙananan hotunanka guda biyu, ko za a yi maka katin shiga. Waya mai kyamara mai kyau da fawa bankinta, don ba a dogara da wuta. Takunkumi, saboda ƙurar tsohuwar jarida tana shaƙe mutum, balle mai asma. Sai 'yan canji na rajista da fotokwafi.

Wanda ba ɗalibi ba ne kuma ba shi da ofishin da zai ba shi takarda, ya rubuta wasiƙa da kansa zuwa ga shugaban laburaren, ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake nema, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa. Sau da yawa hakan yana wadatarwa.

1. Ka tantance abin da kake nema kafin ka bar gida

Ka rubuta a shafin farko na littafinka, cikin jimla ɗaya, wanne kake so: rubutun wasan kansa, ko sharhin da aka yi a jarida lokacin da aka nuna shi, ko nazarin da masana suka yi daga baya. Uku ne mabambanta, kuma kowanne da ɗakinsa. Rubutun wasa yana kan kanta ko cikin kundi. Sharhin lokacin yana sashen jaridu. Nazarin masana yana cikin mujallun jami'a da kundayen digiri.

Ka kuma tantance wane irin wasa ne: na littafi, na dandamali, na rediyo ko na talabijin. Suna ɗaya yana iya ɗaukar abu fiye da ɗaya. Shaihu Umar, alal misali, asalinsa ƙagaggen labari ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Idan ka ce wa ma'aikaci "Shaihu Umar nake nema" kawai, labarin zai miƙo maka, kuma bai yi laifi ba.

2. Ka fara da littattafan da suka jera sunayen wasanni

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya wuce kai tsaye zuwa kanta yana duba bayan littattafai. Ka fara zama da waɗanda suka riga ka tattara sunaye. Hausa A Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ya buga a 1988, ya bi tarihin rubutun Hausa kuma ya kawo wasannin da aka buga da marubutansu. Littafin Graham Furniss na 1996 a kan adabin Hausa yana da babi a kan wasan kwaikwayo da doguwar manazarta a ƙarshe. Ga wanda yake son wasannin gargajiya da tarihin dandamali a Nijeriya baki ɗaya, akwai tarin muƙalun da Yemi Ogunbiyi ya tace a 1981. Wanda aikinsa ya shafi Nijar ya nemi littafin Janet Beik na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a can.

Ba karanta su duka za ka yi yanzu ba. Ka juya zuwa baya, wurin manazarta, ka kwafe duk abin da ya shafi aikinka. Kowane wasa ka ba shi shafinsa a littafinka: suna, marubuci, maɗaba'a, gari, shekara, da inda ka ga bayanin. Ka bar rabin shafin fili, za ka cika shi nan gaba.

Tun a nan za ka lura shekaru ba sa daidaita. Six Hausa Plays na R. M. East, wanda ake lissafa shi a matsayin farkon wasannin Hausa da aka buga, za ka ga wani ya ba shi 1930, wani 1936. Kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowacce, har sai littafin ya shigo hannunka ka duba da idonka. Ka lura kuma da cewa sunan littafin da Turanci yake alhali wasannin ciki da Hausa suke, don haka mai neman sunayen Hausa zalla zai tsallake shi.

3. Ka koyi yi wa kataloji tambaya

Yawancin laburarorin jami'o'inmu suna da kataloji iri biyu: tsofaffin akwatunan kati da kuma na kwamfuta. Kada ka raina na katin. Ba duk tsofaffin littattafai aka shigar a kwamfuta ba, kuma wasannin da kake nema tsofaffi ne. Ana jera katunan ta sunan marubuci, ta sunan littafi, da ta fanni. Ka bi duka ukun.

Sunayenmu suna wahalar da kataloji. Wanda ya yi katin yakan ɗauki sunan ƙarshe ya sa a gaba, ko da sunan gari ne. Shu'aibu Maƙarfi za ka same shi a ƙarƙashin Makarfi, wani lokaci Shuaibu ba tare da alamar hamza ba. Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, ka neme shi a Katsina, ka neme shi a Danjuma, ka neme shi a Umaru. Wani wurin ma Alhaji ko Malam aka ɗauka a matsayin suna. Haka Muhammad, Mohammed da Muhammadu, kowanne da wurin zamansa a jerin haruffa.

Haruffa masu lanƙwasa su ma haka. A kwamfuta ka fara rubuta sunan ba lanƙwasa: Kulba Na Barna. Idan bai fito ba ka sa lanƙwasar. Idan ya ƙi, ka rage kalmomin, ka bar biyu kawai waɗanda ba su da ƙ, ɗ ko ɓ. Tsofaffin keken rubutu ba su da waɗannan haruffa, shi ya sa za ka ga an rubuta su da ɗigo a ƙasa ko waƙafi a gefe, kuma na'ura ba ta ɗaukar su a matsayin abu ɗaya.

Wajen neman fanni, katalojin Nijeriya da Turanci yake magana, don haka sai ka rubuta Hausa drama ko Theater Nigeria. A Nijar da Faransanci ne, kuma Hausa a can haoussa ake rubutawa, sai ka nemi théâtre haoussa.

Da ka sami katin, ka kwafe lambar littafin gaba ɗaya, har da ƙananan haruffan ƙasa. Laburarorin da ke bin tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, wato yawancin na jami'o'i, suna ajiye harshe da adabin Hausa tsakanin PL 8231 da PL 8234, tarihin dandamalin Nijeriya kuma wajajen PN 2993. Masu bin tsarin Dewey, kamar laburarorin jiha da na makarantu, adabin Hausa yana 893.72, harkar dandamali kuma 792. Idan ka isa kantar kada ka ɗauki naka ka juya. Ka duba na dama da na hagu da na sama da na ƙasa. Littattafan wasa sirara ne, wasu ba su kai shafi sittin ba, ba su da suna a ƙashin baya, kuma sukan zame su faɗa bayan manyan littattafai. Ka sa hannu ka laluba bayan jerin.

4. Ka san wane gida ke riƙe da me

Ba laburare ɗaya zai ba ka komai ba, kuma kuɗin mota ba wasa ba ne, don haka ka tsara tafiyarka.

Zariya ce mahaifar ɗab'in Hausa na boko. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan hukumar samar da littattafai ta Arewa, NORLA, ta yi aikinta a shekarun 1950, a nan NNPC ya ci gaba daga 1966, kuma mafi yawan tsofaffin wasannin da aka buga daga waɗannan gidaje suka fito. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen littattafan Afirka da na kundaye. Ban da shi, ka leƙa ƙaramin laburaren sashen harsunan Afirka da na sashen wasan kwaikwayo, wanda ke da dandamalin nan na ginin ƙasa tun shekarun 1970. Laburaren sashe yakan riƙe abin da babban bai taɓa gani ba: rubutun wasannin da ɗalibai suka nuna, takardun shirin biki, hotuna.

A Kano akwai babban laburaren Jami'ar Bayero, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta jami'ar, da laburaren Murtala Muhammad na jiha, da hukumar tarihi da al'adu. Mai bibiyar wasannin da Malam Aminu Kano ya rubuta tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, waɗanda ba su yaɗu a littafi ba, ya haɗa da gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu da ya zama cibiyar bincike. A Sakkwato akwai laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu. A Kaduna akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, da kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa. A Yamai akwai cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Abdou Moumouni, IRSH, da cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, CELHTO.

Laburaren ƙasa yana da rassa a jihohi, kuma doka ta wajabta wa kowane mai ɗab'i ya kai kwafi uku na duk abin da ya buga. Ba kowa ke kaiwa ba, musamman masu buga littafi da kuɗin aljihunsu, amma ga littattafan manyan kamfanoni yana da kyau a gwada.

Kafin ka hau mota ka kira, ko ka aiki wani da ke garin ya tambaya: ranakun aiki, lokacin buɗewa, kuɗin rajista, da ko ana barin ɗaukar hoto. Lokacin hutu ko yajin aiki za ka iya tarar da ƙofa a garƙame. Ranar Juma'a kuma rabin yini ce a aikace.

5. Idan littafin ba ya kan kanta

Wannan zai faru, kuma ba sau ɗaya ba. Katin yana nan, littafin babu. Kada ka tafi. Ka je wurin ma'aikacin, ka gaishe shi gaisuwa ta sosai, ka nuna masa lambar da ka kwafa. Ka tambaya ko yana sashen ajiya na musamman, ko an ba da aro, ko yana wurin ɗinki. Wasannin da ake koyarwa a aji galibi ana janye su daga kanta a ajiye a bayan tebur, a ba da su na 'yan sa'o'i. A kowane laburare akwai dattijon ma'aikaci da ya san inda komai yake fiye da kataloji. Ka gano shi, ka girmama shi, kuma kada ka zo masa da "ina neman wani abu a kan diraman Hausa". Ka zo masa da suna da shekara.

Idan ya tabbata babu, akwai hanyoyi. Wasannin da suka taɓa shiga manhajar jarrabawar WAEC ko NECO an sake buga su sau da dama, kuma za ka iya samunsu a shagunan littattafai na Sabon Garin Kano ko Zariya, ko wurin masu baza tsofaffin littattafai. Ɗakin ajiyar littattafai na tsofaffin makarantun sakandare da kwalejojin ilimi shi ma wuri ne, haka malaman Hausa da suka yi ritaya. Shafin WorldCat a intanet zai nuna maka laburarorin duniya da ke da littafin. Sau da yawa za ka ga yana laburaren SOAS, makarantar nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Landan. Ko ba za ka je ba, bayanin da ke wurin zai gyara maka shekara da yawan shafuka, kuma kana iya rubuta musu ka tambayi sharaɗin samun kwafin wani yanki.

Da littafin ya zo hannunka, kafin ka karanta ko layi ɗaya, ka buɗe bayan shafin suna ka ɗauki hotonsa. A nan ake rubuta shekarar bugun farko da na sake bugu. Da yawa daga saɓanin shekarun da ka gani a mataki na biyu daga nan ya taso: wani ya riƙe bugu na huɗu ya rubuta shekararsa a matsayin ta asali. Ka karanta gabatarwar ma, domin a nan marubuci kan faɗi inda aka fara nuna wasan ko gidan rediyon da ya fara watsa shi. Wannan bayanin shi zai kai ka ga jarida.

6. Wasan da ba a taɓa bugawa ba

A nan aikin ya fi daɗi, a nan kuma ya fi wuya. Yawancin wasannin da mutane suka sani suka kuma so, irin na Samanja da Ƙarƙuzu da Ƙasimu Yero a talabijin, ba su zama littafi ba. Da yawansu ma ba a rubuta su kalma da kalma ba. Mai shiryawa yakan rubuta ƙashin labarin, fitowa ta ɗaya kaza zai faru, ta biyu kaza, 'yan wasa su cika maganar da bakinsu. Haka wasannin ƙungiyoyin samariya a Nijar. Saboda haka idan an miƙo maka takarda biyu aka ce ga rubutun wasan, kada ka ɗauka an rage maka wani abu. Shi ke nan abin da aka rubuta, kuma abu ne mai daraja.

Wuri na farko da za ka duba shi ne kundayen digiri. Ɗaliban da suka yi nazarin wasannin rediyo da talabijin sukan saurari kaset su rubuta maganganun, su sa a rataye. Wani kundin digirin farko da ba wanda ya ƙara buɗewa tun da aka ajiye shi yana iya zama shi kaɗai ne wurin da wani wasa ya rage a duniya, domin kaset ɗin an daɗe da goge shi an ɗora wani shiri a kai. Kundaye ba a jera su da littattafai. Suna da rajistarsu daban, galibi babban littafi ne da aka rubuta da hannu, shekara bayan shekara. Ka zauna ka bi shi layi layi. Ka duba na sashen Hausa, da na wasan kwaikwayo, da na aikin jarida, da na Turanci, domin duk suna taɓa wannan fanni. Ba a ba da aron kundi, kuma wasu wuraren ba sa yarda a yi masa hoto gaba ɗaya, don haka ka shirya yin kwafi da hannu.

Ka riƙa tuna cewa rataye aikin kunnen ɗalibi ne. Yana iya jin kalma ba daidai ba, ko ya gyara Hausar ɗan wasa ya mayar da ita daidaitacciya, alhali gurɓatacciyar Hausar barikin soja ita ce gishirin wasan Samanja. Idan ka yi amfani da irin wannan rubutu, ka faɗa a fili cewa daga kundin wane ka ɗauko.

Wuri na biyu gidajen watsa labarai: Rediyon Tarayya na Kaduna, tashoshin NTA, gidajen rediyo da talabijin na jihohi, da Muryar Sahel a Nijar. Ka rubuta wa shugaban gidan takarda, ka nemi ganin sashen shirye-shirye da laburarensu. Ko ba a sami rubutun ba, rajistar shirye-shirye za ta ba ka ranar da aka watsa. Hukumomin raya al'adu na jihohi su ma sukan riƙe rubutun wasannin da aka shiga gasa da su.

Na uku gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ga mai neman zamanin Turawa. A can ba littafi ake nema ba, fayil ake nema. Za a ba ka jerin fayiloli na kowane lardi, masu laƙabi irin su KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, da SNP na sakatariyar lardunan Arewa. Babu fayil da za ka tarar an rubuta masa "wasan kwaikwayo" a goshi sai da sa'a. Ka duba na ilimi, na rahoton shekara na makarantun midil, na yaƙi da jahilci, na bukukuwa da ziyarar manyan baƙi. Ka cika takardar buƙata da lambar fayil daidai, ka jira a ɗauko. Kada ka sauya jerin takardun ciki, kada ka lasa yatsa wajen juya shafi.

7. Farautar sharhi a jaridu

Tsofaffin jaridunmu ba su da fihirisa. Ba inda za ka duba sunan wasa a ce maka yana shafi kaza na ranar kaza. Shi ya sa duk wahalar da ka sha a baya wajen samo kwanan wata yanzu za ta biya ka.

Ka ɗauki ranar da aka nuna wasan, ko aka fara watsa shi, ko watan da littafin ya fito. Ka nemi jaridun mako biyu kafin ranar da mako huɗu bayanta. Na kafin za su ba ka talla da sanarwa: wuri, lokaci, kuɗin shiga, sunan ƙungiya, babban baƙo. Na bayan za su ba ka rahoto da ra'ayi. Idan shekara kawai ka sani, ka nemi bikin da wasan ya raɓa: bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba, makon Hausa na jami'a, ranar raba kyaututtuka ta makaranta, gasar al'adu ta jihohi, ko FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da aka yi daga Janairu zuwa Fabrairun 1977. A Nijar ka bi lokutan bikin matasa na ƙasa da aka riƙa yi zamanin Seyni Kountché.

Jaridun da za ka fara da su: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Nigerian Citizen, New Nigerian daga 1966, Triumph ta Kano da 'yar'uwarta Albishir, daga baya Aminiya da Weekly Trust. A Nijar, Le Sahel da Sahel Dimanche. Jaridar Gaskiya a zamaninta ba kullum take fitowa ba, kuma yawan fitowarta ya sauya daga zamani zuwa zamani, don haka a wurinta ka ƙara faɗin lokacin zuwa wata biyu ko uku.

Kada ka sa ran samun shafi mai kan magana "Sharhin Wasa" irin na jaridun Ingila. Samun wannan a jaridun Hausa na da sai an tona. Ra'ayin jama'a a kan wasa yana ɓoye cikin wasiƙun masu karatu, inda wani daga Funtuwa ko Gusau zai rubuto yana yaba shirin daren Asabar ko yana ƙorafin an ci mutuncin malamai ko an koya wa mata rashin kunya. Yana cikin bayanin da ke ƙarƙashin hoto, da jadawalin shirye-shiryen rediyo, da labaran makarantu, da jawabin babban baƙo. Ni a wurina waɗannan wasiƙu sun fi sharhin masani daraja wajen sanin yadda wasa ya sauka a zukatan mutane, domin a lokacin aka rubuta su, da zafinsu, ba wanda ya san wasan zai shahara ko zai mutu.

Jaridun sukan zo a ɗaure, wata uku ko shida a babban kundi ɗaya mai nauyi. Ka shimfiɗa shi a tebur, kada ka ɗora a cinya. Takardar ta bushe, tana karyewa daga gefe, don haka ka ɗaga shafi da tafin hannu daga tsakiyar gefensa, ba daga kusurwa ba. Za ka tarar da fitowar da ta ɓata, ko wurin da wani marar tausayi ya sa reza ya yanke. Ka rubuta ranar da babu, ka neme ta a wani garin, domin gibin Kaduna ba lallai ya zama gibin Zariya ba. Inda akwai maikirofim, wato hoton jaridu a kan siririn fim, kuma na'urar karanta shi tana aiki, ka yi amfani da shi, amma ka riƙa hutar da ido.

Ga kuskuren da ya fi kowanne ɓata aiki: mutum ya ɗauki hoton sharhin kawai, ya koma gida, sannan ya rasa daga wace jarida ce da wace rana. Kullum hoto uku za ka ɗauka. Na farko goshin jaridar mai suna da kwanan wata. Na biyu shafin gaba ɗaya har lambarsa ta fito. Na uku rubutun daga kusa yadda zai karantu. Ka kashe fitilar kyamara. Nan take kuma ka rubuta a littafinka da fensir: jarida, rana, shafi, kan magana, sunan marubuci idan akwai. Idan labarin ya ce "duba shafi na 7", ka je ka ɗauko ƙarshensa kafin ka rufe kundin.

8. Nazarin masana

Wannan ya fi sauƙi. Ka bi mujallun jami'o'i: Harsunan Nijeriya da Algaita daga Kano, Harshe daga Zariya, Ɗunɗaye daga Sakkwato, da tsohuwar Nigeria Magazine mai hotunan wasanni. Ka haɗa da takardun tarukan ƙara wa juna sani da littattafan karramawa da ake yi wa manyan malamai. A intanet ka gwada rumbunan muƙalu na AJOL da JSTOR, waɗanda laburaren jami'a kan ba da damar shiga. Duk muƙalar da ka samu, manazartarta za ta ba ka sunaye biyu ko uku da ba ka da su. Ka fara daga mafi sabunta kana komawa baya. Idan ka ga masana biyar sun faɗi magana ɗaya, ka bincika ko duk daga mutum ɗaya suka kwafo.

9. Ka tsara abin da ka samo a ranar da ka samo shi

Da ka koma masauki, kafin ka kwanta, ka sauya wa hotunan suna: jarida, shekara, wata, rana, shafi. Ka tura kwafinsu wani wuri ban da wayar, ko imel ko kwamfuta. Ka koma shafin kowane wasa a littafinka ka cika filin da ka bari: a wane laburare ka gan shi, lambarsa, bugu na nawa, ko akwai shafukan da suka ɓata. Ka rubuta har wuraren da ka duba ba ka samu ba, don kada ka sake biyan kuɗin mota zuwa can bayan wata shida.

Idan nufinka ka nuna wasan a dandamali ko ka sake buga shi, samun kwafi a laburare bai ba ka izini ba. A dokar Nijeriya haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka ka nemi kamfanin da ya buga ko magada. Idan kuma wani dattijon ɗan wasa ne ya buɗe akwatinsa ya ba ka rubutun hannunsa, ka yi hoton a gabansa ka mayar masa nan take, ka tambaye shi yadda yake so a ambace shi, ka kuma nemi yardarsa ka kai kwafi ɗaya laburaren sashenku a yi masa lamba.